Wutar da Ba Ta da Harshe

Shekara arba'in ina zuga wuta a Gujungu.
Na san fushin gawayin ƙirya,
na san sa'ar da ƙarfe ke jin kunya ya yi ja.
Yau ga ni a rumfar ɗana Tasi'u,
zaune kan turmin da aka kife,
ina kallon wutar da ba ta da harshe.

Wai ita ma maƙera ce.
Baƙin akwati, bai kai kwanon awo ba,
da wutsiyar roba, da baki kamar na buta.
Ba toka, ba tartsatsi, ba yaron zuga.
Rana ke ciyar da shi ta kan rufin kwano.
Ya murɗa, jajayen lambobi suka hau:
ɗari uku, ɗari uku da hamsin.
Na miƙa tafi in ɗanɗana, ya ce, "Baba, kul!"
Ni ake ce wa kul a kan wuta.

Wayar Ubale mai tumatir ce a gabansa,
ta sha ruwan fadama tun shekaranjiya,
ta haɗiye lambar dillalin
da ya kwashe kwando goma sha biyu bai biya ba.
Ubale na tsaye, ƙafa ɗaya na rawa.

Tasi'u ya farke cikinta.
Koren allo, gari guda da lungunansa,
gidaje a jere, ƙwayar riɗi ta fi wasunsu ƙiba.
"Wannan aisin ne ya mutu," in ji shi.
Na duƙa. Ban ga gawa ba.
Ya ɗiga mai, launin zuma,
ya ɗauki hantsaki, jikan awartakina,
iska ta fara huci.

Fit!
Wani abu ya tashi sama.
Ba mataccen ba, maƙwabcinsa mai rai.
"Kada kowa ya motsa!"
Mai shayi ya daskare da buta a hannu,
Ubale ya haɗiye salati.
Manyan mutane huɗu a durƙushe
muna laluben abin da bai kai kwarkwata ba.
Sai da aka aro rariyar Lantana mai waina,
aka tankaɗe ƙasar gindin tebur,
ya fito yana ƙyalli cikin tsakuwa.

Na ce, "Ka cika zuga.
Iska in ta yi yawa, gawayi take watsarwa.
Kada ka soki wuri ɗaya, kewaya shi,
kamar mai neman aron kuɗi wurin suruki."
Bai ɗago ba. Amma na ga yatsansa
ya rage murɗin.

Ya kewaya. Ya kewaya.
Shi yana kallon lamba, ni na rufe ido.
Can ƙamshin ya juya,
daga zaƙi ya doshi ɗaci.
Na ce, "Ɗaga."
Dalma ta yi ƙwalla, mataccen ya saki,
sabon ya sauka, ya ɗan girgiza,
ya gyara zama da kansa
kamar kaza a kan ƙwai.
Ɗan gudun hijira ma aka mayar da shi ɗakinsa.

Ta huce. Ya rufe. Ya danna.
Fuskar waya ta waye.
Ubale bai ce an gode ba, bai tambayi kuɗi ba,
tuni yana bakin titi yana ihu:
"Kwandunana, Alhaji! Ka zaci na mutu?"

Da la'asar Tasi'u ya kashe akwatin,
ya ce, "Baba, ya aka yi ka sani?"
Na taɓa hancina.
Ya miƙo min bakin butar nan in riƙe.
Ba ta kai rabin masabata nauyi ba,
amma hannuna ya yi rawa.
Na mayar masa.

Hadari na haɗuwa ta gabas,
akwai garma shida da ke jirana a gida.