Saɓani

Ƙarfe biyun dare, ɗakin maza, gado na tara.
Na'urar da ke yatsan Malam Sabitu
ta cije a tamanin da huɗu.

Uwani 'yarsa ta riƙo hannun rigata:
"Sista, ga shi yana jan numfashi,
ina iskar take zuwa?"

Na ce, kin san Kwari.
Wani shagon shaƙe da atamfa,
amma an toshe layin, ba mai saye.
Wani kuwa jama'a sun yi dafifi a ƙofa,
mai shi ya danna kwaɗo.
Haka huhun babanki:
iska ta sauka a wani lungu,
jini na jiranta a wani.
Kowa ya cika alkawari,
mahaɗa ce aka saɓa.

Muka kama shi, ni da ita,
muka juya shi rubda ciki,
na ɗan ƙara masa iska.

Tamanin da bakwai.
Janareta ya yi tari, ya ɗore.
Casa'in da ɗaya.

Wajen assalatu ya buɗe ido,
ta ƙarƙashin robar ya tambaya
ko an biya Ɗanliti kuɗin dako.