Shafi Biyu

Ni na riƙe masa fitila shekara goma sha tara
a ɗakin shan magani na Auyo, bayan kasuwa,
inda kuka ke yi wa rufin kwano inuwa.
Ni ke dafa allura a tukunyar da ba ta san miya ba.

Likita Ɗayyabu ba ya gaggawa.
Kafin ya taɓa jijiyar hannunka
sai ya tambayi jakinka, ya tambayi geronka,
ya tambayi kakarka da tarin da ya hana ta barci bara.
Ya san gidan da ciwon suga ke bi kamar gadon gona,
ya san mai sayar da ƙwayar da aka ba shi ya sayi taba.
Kuɗin magani kuwa, wani ya kawo,
wani ya kawo ƙwan zabi bakwai a ƙoƙo,
wani ya kawo "Allah ya saka",
ya karɓa hannu biyu, ya sa a aljihu.

Amma in hadari ya haɗo daga gabas,
aradu ta faɗi can bakin fadama,
sai in ji cokalin shayinsa na kaɗa kofi shi kaɗai.
Ba ya cewa komai.
Ni ma sai in tashi in gyara lagwani.

Sau ɗaya tak ya buɗe mini bakin yaƙin basasa,
daren da muka taso daga Gamsarka,
tayar babur ta sace, muna turawa cikin rairayi.
Ya ce: makarantar yara muka mayar asibiti.
Lissafinsu na nan a allon bango, ba a goge ba,
bakwai sau takwas,
ni kuwa ina yanke ƙafa a teburin malaminsu.
Ruwan kudu ba ya jin roƙo.
Maganin barci ya ƙare tun Talata.
Aka shigo da wani yaro cikin kakin wancan ɓangare,
ciki a buɗe, ya dube ni,
ya ce da Hausar da ta fi tawa,
"Likita, don Allah, an fara ruwa a Kano?"
A Sabon Gari aka yanke masa cibi.
Na ce an fara. Na ce har an yi shuka.
Watan Maris ne, ko gajimare babu a gida.
Ya tafi kafin in ƙulle zare.

Daga nan bai ƙara ba.
Muka ci gaba da tura babur har kiran assalatu.

Bayan sadakar bakwai
mai ɗakinsa, Hajiya Tasalla, ta miƙo mini littafi
mai baƙin bango, gara ta ci kusurwa.
Ta ce, "Kai ya ce a ba."

Shafin hagu sunaye ne da lambobin soja.
Wani lamba kawai.
Wani, "mai tsagar Barebari, ya nemi ruwa."
Wani, "yaron Sabon Gari."
Shafin dama kuwa mutanen garinmu ne:
Ladidi 'yar gidan masunta, ta zo da ƙafa, ta rayu.
Tagwayen Sarkin Fawa, daren da gada ta karye.
Mati, wanda yau ke karɓar haraji a tasha
yana ɗaga mini murya.
Duk wanda ya kuɓuce masa a can
ya zauna a nan shekara da shekaru
yana tarar masa ɗaya a tafin hannu.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Layi uku suka rage fari a dama.

Jiya da asuba matar Ɗan'azumi maƙeri ta sauka,
ungozoma ta aiko a kira ni, hanyar Haɗejiya ta cika da ruwa.
Namiji ne. Kukansa ya riga zakara.
Ni ba likita ba ne,
rubutuna ma kamar sawun kaza a taɓo.
Na dai wanke hannu har gwiwa, yadda ya koya mini,
na lashi bakin fensir.

Saura biyu.