Gyara

Kati uku Zuwaira ta jera a kan tebur,
a wani banki a Birnin Kebbi, ranar Talata,
sanyin na'ura yana cizon gwiwata ta hagu.
Ta ce, "Baba Maidamma, duk abin da ka saya da ɗayansu
ana tara maka maki, makin ya zama tikitin jirgi."
Na ce, "Ɗiyata, faɗi da Hausa. Gyara ke nan."
Ta yi dariya har biro ya faɗi.

Gyara kuwa na san ta.
Shekara talatin da ɗaya ina auna albasa a Aliero,
in kwano ya cika in ɗora biyu a kai,
don ƙafar mai saye ta riƙe hanyar rumfata.
Yau ga banki zai yi mini abin da nake yi wa mutane.
Sai na gyara zama.

Na farko ruwan zinari, yana ƙyalli kamar haƙorin Makka.
Makinsa da yawa, in ji ta,
amma jirgin kamfani ɗaya kaɗai yake hawa.
Na ce wannan akuya ce a turke,
harawa har wuya, igiya taku uku.
Ran da kamfanin ya fasa zuwa Akara fa?
In tsaya a Ambursa, aljihu cike da maki,
ina kallon sama kamar manomi a farkon bazara?

Na biyu ba shi da kuɗin shekara.
Na ce madalla. Sai ta sauke murya:
wata goma sha biyu in sun cika, makin ya mutu.
Wannan ciwon ai ya taɓa kwana a gidana.
Na buɗe rudu wata shekara bayan ruwan farko,
buhu tamanin sun koma ruwa da ɗoyi.
Albasa ta ishe ni.
Ba na ƙara wani abin da zai ruɓe ina barci.

Na uku baƙi ne, ba ado,
kuɗin shekararsa ya kai buhu da rabi a farashin kaka.
Amma makinsa ba ya mutuwa, ba ya zaɓen dangi,
ka juya shi nan, ka juya shi can,
kamar goro: duk kasuwar da ya sauka an san sunansa.

Ni kuma ban taɓa sanin inda zan kwana baɗi ba.
Farashi ke yanka mini hanya.
Bara Kumasi ce, kwana huɗu a gaban tirelar Tsalha,
Kamba, Gaya, shingen da ba ya ƙirguwa,
na sauka gwiwa ta ƙi miƙewa.
Bana wataƙila Abijan.
Wataƙila Alƙahira, wurin likitan ƙashi.
Wataƙila Luba, autata, ta ci jarrabawarta
in raka ta inda ban iya faɗin sunansa ba.

Na ce, "Saura magana ɗaya. Ruwa."
Ta ce, "In ka biya kafin ashirin da biyar ga wata,
ko kwabo ba ya hawa."
"In na makara?"
Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yana hawa, Baba.
Kamar gulbi a watan takwas."
Na ji daɗin da ba ta ɓoye mini ba.
Na ce ta rubuta ranar da manyan baƙaƙe.

Ban sa hannu ba.
Wanda ke sayen kaya a gani na farko bai daɗe a kasuwa ba.
Zan kai wa Malam Basharu ya duba mini zancen ruwan,
Luba ta karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasa,
inda masu wayo ke ajiye ƙaya.

Takardar baƙin kaɗai na ninke na sa a aljihu.
Muna wuce Kalgo wani jirgi ya ratsa sama,
ƙarami kamar ƙwayar irin albasa.
Yaron mota ya ce, "Alhaji, ina za shi?"
Na ce ban sani ba.
Na taɓa aljihuna, na ce direba ya rage gudu a kan ramuka.