Awon Ruwan Baba

Likita a babban asibitin Garwa
ya rubuta da jan biro, ya ja layi biyu:
mililita ɗari takwas a yini, kar a wuce.
Har da miya, ya ce. Har da kunu, har da shayi.
Na karɓi takarda na ce to,
alhali ban san kamannin mililita ba.

Mu moɗa muka sani,
da ludayin duma, da gwangwanin madara,
da ƙaramin kofin shayi mai zoben zinariya
wanda Inna ta rasu ta bari guda uku.

Madam Asta ta biyo ni har bakin ƙofa,
ta danƙa mini sirinji ba tsinke.
In kin ja ya cika, ashirin ke nan, ta ce,
sauran ki tambayi kwanukanki.

Da dare na zauna gindin murhu
ina yi wa kayan girki allura.
Kofin shayi ya sha huɗu ya ƙoshi: tamanin.
Ludayi biyar, ɗari cif.
Gwangwani takwas.
Cokalin miya ko ɗaya bai shanye ba, ya yi amai.
Moɗa kuwa sai da na ƙirga talatin
babban yatsana na zogi,
moɗar da Baba ke ɗagawa a tsaye
ya ajiye ta wayam kafin ya yi hamdala.
Na kife ta a bayan randa.

Kofi goma ke nan daga asuba zuwa asuba.
Na tsinto tsakuwa goma na jera a faifai,
in ya sha ɗaya, in ɗauke ɗaya.
Ranar miyar kuɓewa, ludayi guda
yakan ci tsakuwa har da ɗoriya.

Mutumin da ya yi shekara arba'in kan Binuwai,
daga gadar Garwa har tafkin Lagdo,
ruwa a ƙasansa, ruwa dama da hagu,
yau ƙafafunsa ne suka zama tulu,
bakinsa kuma kamar tsohon masaki.

Tasalla, kin tauye mudu, in ji shi,
ko 'yan awon Pitowa sun fi ki imani.
In yana alwala maƙogwaronsa nake kallo.
Ya sani. Yakan furzar da ƙarfi don in ji.

Jiya, cikin zafin bazarar nan
da ko ƙadangare ke neman inuwa,
na ƙirga faifai da hantsi.
Ya sha uku, saura takwas.
Ɗaya ja ce, da danshin bakin rijiya a jikinta.
Baba ya juya fuska bango, wai barci yake.

Na bar ta a cikin 'yan'uwanta.
Da ta zo kan layi, can tsakar dare,
na zuba masa rabin kofi, arba'in,
na riƙe masa ƙeya har ya shanye.