Huhun Rago a Kasuwar Dole

Saura kwana uku jarrabawa,
zanen littafi ya ƙi zama a kaina,
sai na ratsa Zango na faɗa Kasuwar Dole
wurin Lawali mahauci, mai haƙorin azurfa.

Na ce, ba tsoka na zo saye ba,
huhu nake so, da maƙogwaronsa a jiki.
Ya dube ni, ya dubi farar rigata,
ya ce, "Yau likita ta zo karatu rumfar fawa."

Ya ɗora yatsana a kan bututun:
zobe bisa zobe na guringuntsi,
kowanne buɗe ta baya
don loma ta samu wurin wucewa.
Can ƙasa ya rabu biyu,
biyun suka yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi jikoki,
gawo ne aka dasa kai ƙasa.

Sai ya kafa baki ya hura.
Abin da ke kwance kamar jiƙaƙƙen tsumma
ya tashi, ya yi haske, ya cika faranti,
har mai sayen hanta ta ja baya da salati.

A ƙarshen kowane reshe, in ji Madam Zuwera,
'yan jakunkuna ne, ido ba ya kama su,
tantaninsu ya fi ɓawon albasa rauni.
Nan jini ke cin kasuwarsa:
ya sauke tsohuwar iska, ya ɗauki sabuwa,
ba dillali, ba la'ada,
ba ranar da ake tashi.

Da dare na kwanta kusa da Kaka Tsahara.
Shekara arba'in tana suyar ƙosai a Garin Malam,
hayaƙin icce ya san ƙirjinta fiye da mu.
'Yan gashin da ke share hanya, su turo majina sama,
sun gaji, sun ajiye tsintsiya.

Na sa hannu ƙarƙashin haƙarƙarinta,
inda tantani ke sauka, ya hau, ya sauka.
Na ƙirga da agogon waya:
ashirin da shida a minti guda,
da wani ɗan fito a wutsiyar kowanne.
Littafi ya ce kada a wuce ashirin.

Ta buɗe ido ɗaya.
"Me kike lalube, ɓarauniya?"
Na ce, gobe za mu asibiti a ɗauki hoton ƙirji.
Ta ce, sai in ƙullu ya ƙare.
Ta yi tari, ta juya,
ta ce miyar huhun nan gishiri ya yi mata kaɗan.