Ƙusa ta Huɗu

Gidanmu na bisa tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da arba'in da bakwai daga titi zuwa ƙofa.
Na ƙirga su, ba don sha'awa ba.
Na ƙirga ran da Amaro ya bar littafin lissafi kan gado,
na sake ƙirgawa ran da Trinidad ta sauko
da takalmi ɗaya baƙi, ɗaya ja,
bas na ta hon a ƙasa,
ni ina haki kamar wadda kare ya biyo.

A garin nan, da gwiwa ake biyan kuɗin mantuwa.

Sai na aro guduma wajen Don Eleuterio,
na kafa ƙusa uku a bayan ƙofa,
kowa da tasa, daidai tsayinsa.
Ta Baltazar sai da na durƙusa.
Na ce: jaka a ƙusa, takalmi a gindinta,
takardar da malama ke so in sa wa hannu
a kawo ta lokacin shayin yamma,
kar a turo min biro ta ƙasan ƙofar wanka da asuba.

Kwana uku doka na da rai.
A na huɗu, mage na barci cikin jakar Baltazar,
ɓawon ayaba na lilo a ƙusar Amaro,
Trinidad kuwa ta murguɗa baki:
ƙusa ai ta yara ce, ita shekararta goma sha biyu.

Ban yi faɗa ba.
To, na yi, amma kaɗan.

Na rubuta jadawali, na manna jikin firji.
Litinin kayan guje-guje, Laraba sarewa,
Alhamis kwali da gam.
Iskar teku ta shigo ta taga, ta sure shi,
ya bi ta saman rufin kwanon mutane ya nufi tashar jiragen ruwa.
Ƙila yanzu wani matuƙi a tsakiyar teku
ya san ranar da ɗana ke busa sarewa.

Uwata takan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ba ta gaya min iccen na da baki ba,
yana mayar da magana, yana cewa "minti biyar".

Abin da ya ci a ƙarshe wasa ne.
Takwas na dare, bayan an wanke kwanoni,
sai mu sauka matakalar da baki.
"Kana kan ta ɗari, Amaro. Me ka tuna?"
"Rula!"
"Je ka ɗauko tun tana kusa."
Wanda kuma ya manta da gaske, da safe,
ƙafarsa ce za ta hau, tawa ta yi ritaya.
Sau biyu Amaro ya hau.
Bai yi na uku ba.

Wata safiya a watan Yuni, sanyi da yayyafi,
muka sauka su uku cif, ba abin da ya ɓace,
har ina ji da kaina kamar kyaftin.
A matakala ta ƙarshe na sa hannu a aljihu.
Babu makullin shago.

Shiru.
Trinidad ta kalli sama. Amaro ya ciji leɓe.
Baltazar, da bai san kara ba tukuna, ya ce,
"Ƙafarki ce za ta hau."

Na hau. Ɗari da arba'in da bakwai.

Da yamma na dawo, jiƙe, da burodi a hammata,
na tarar da kujera a bayan ƙofa, garin siminti a ƙasa,
da ƙusa ta huɗu, can sama da sauran,
a karkace, ta fasa fenti,
ɗan yatsan Amaro naɗe da filasta.
Ƙarƙashinta, da rubutun Trinidad mai kwanciya gefe:
Mama.

Don Eleuterio ya ce zai zo ya miƙe ta ran Asabar.
Na ce ya bar ta.
Ta riƙe makulli.