Buhu Tara a Farin Gada

Zakara bai ko yi tunanin cara ba
muka ɗaure buhu tara a bayan motar Mashat,
ni a kan na taran, zane biyu, sanyi na cizon yatsu.
Daga Bokkos zuwa Jos ba nisa, in ji mai faɗa da baki.
A tambayi taya.

Ramin da ke bayan makarantarmu
ya girmi ɗana na biyu.
Sau uku ana zuwa auna shi,
da jan ƙyalle da mutum mai hular roba,
duka ukun ana gab da zaɓe.
Rami ya yi godiya, ya ƙara faɗi.

Shinge biyar muka tsaya.
Kowa da katakonsa mai ƙusa, kowa da rasit ɗinsa,
takardar ma iri ɗaya ce, tambarin ne ya bambanta.

Da muka hau Bukuru sai ga fitilu
kamar an zubar da kwaryar taurari a kan duwatsu.
Na san wutar nan.
Wayarta ta kan gonata ta wuce,
ƙarfenta na tsaye a tsakiyar kunyata,
ina kewaye shi da fartanya kamar suruki.
Da dare ina jin tana gurnani a sama
ni kuwa ina laluben ashana.

A Farin Gada, Sabi'u dillali bai dubi fuskata ba.
Ya soka yatsa a bakin buhu, ya murza dankali ɗaya:
"Kasuwa ta faɗi, Mama."
Wannan kasuwa mai ladabi ce,
da ta hango ni sai ta durƙusa,
in na ba da baya ta miƙe ta kaɗe gwiwa.

Na cire kuɗin taki a zuci,
na cire maganin feshi, na cire Mashat, na cire shinge biyar.
Abin da ya rage bai cika bakin zane ba.

Wata mata mai jakar hannu ta tsaya kusa da ni,
ta taya kwando, ta ji farashi, ta dafe ƙirji:
"Ku mutanen ƙauye za ku kashe mu da tsada!"
Na buɗe baki,
sai na ga takalminta ma ɗinki biyu ne a dunduniya.
Na rufe.

Da rana na nemi Maren a Rayfield.
Yana gadi, yana riƙe da tiyo,
yana shayar da ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba.
Ruwa na malala har kwalta.
Na tuna kududdufin da masu haƙar kuza suka bar mana,
da tulu, da gangaren da ya cinye mini gwiwa.
Ya ce, "Mama, yi magana a hankali, mai gida na barci."
Ya sayo mini soyayyen dankali a takarda,
yanka goma sha ɗaya, na ƙirga,
kuɗinsa kuɗin tiya guda a garinmu.
Na ci. Jar ƙasarmu ce, na ji ta a harshe
duk da man da aka lulluɓe ta da shi.

Ba zan zage ki ba, Jos.
A asibitinki aka fasa cikina aka ciro Maren da rai,
shekara ashirin da uku ke nan.
Sai dai ban san cewa ajiya kika ba ni ba,
in raina miki shi, ki karɓa ya girma.

La'asar sakaliya, mota wayam, tana tsalle kamar ɗan maraƙi.
Rabin buhun taki a tsakanin ƙafafuna.
Mashat ya leƙo ta taga: "Sati mai zuwa fa?"
Na ce akwai sauran kunya huɗu ban tone ba.
Ya rage gudu. Mun iso ramin.